Mutumin Da Ya San Ɓerayensa Fiye da Kima

A garinsu Alton Dize, can bakin ruwa a jihar Maryland, duk namijin da ya fara aske gemu Kyaftin ake ce masa, don ba gidan da ba shi da jirgi ko rabin jirgi. Kakan Alton ƙaguwa ya kama har ƙarfinsa ya ƙare, ubansa ma haka, yayyensa biyu ma haka. Shi kuwa ranar da aka fara ɗora shi a jirgi yana ɗan shekara bakwai, tun ba a kwance igiya ba ya juye karin kumallonsa a kan takalmin ubansa. Aka ce zai saba. Shekara goma sha ɗaya ana jiran ya saba. An ba shi citta ya tauna, an ɗaura masa tsumma a wuyan hannu, wata gwaggonsa ta ce ya riƙa kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Ya kalla, ya yi amai yana kallo.

Daga ƙarshe uban ya zaunar da shi ya ce masa ruwa dai ya ƙi shi, kuma ba a yi wa ruwa dole, ya je ya nemi abincinsa a tudu. Sunan Kyaftin ne kaɗai ya gada daga sana'ar gidansu. Shi ma don tsokana aka fara kiransa da shi, har ya bi shi.

Abincin nasa ya same shi a wata cibiyar bincike kan cututtukan ƙwaƙwalwa, tafiyar awa guda a akori-kura daga gida. An ɗauke shi a ɗakin wankin keji, can ƙarƙashin gini, inda ba taga, sai turiri da rugugin inji da zarnin fitsarin ɓeraye. Shekara shida ya yi a nan, kuma a nan kunnensa na hagu ya yi nauyi. Wata rana wani ɓera ya kuɓuce wa masu bincike uku, suna ta rarrafe a ƙasa da fararen rigunansu suna leƙen ƙarƙashin firji. Alton yana wucewa da tulin keji, ya ajiye, ya durƙusa, ya shimfiɗa tafin hannunsa a ƙasa. Ɓeran ya fito, ya shinshina yatsunsa, ya hau ya zauna kamar dama shi yake jira. Kafin mako ya zagayo an hawo da Alton sama, an ba shi Ɗaki na Shida.

A shekarar ce ya auri Nadine, wadda ke aikin ɓare ƙaguwa a wani kamfani na bakin ruwa. Uwarta ba ta so ba. Ta ce ita dai ta ji ana kashe ɓera, ta ji ana gudun ɓera, amma ba ta taɓa jin an biya ƙato albashi don ya yi wa ɓera shimfiɗa ba. Har ta koma ga Mahaliccinta, in an tambaye ta a coci cewa take yi surukinta a asibiti yake aiki.

Shekara ashirin da uku Alton ya yi a Ɗaki na Shida. Kullum da safe sai ya sake kaya, ya sa hula da takunkumi da safar hannu, sannan ya shiga ya gaishe da jama'arsa, keji ɗari biyu da wani abu a jere kan kantoci. Ya canza shimfiɗa, ya duba ruwa, ya ga wa ta haihu, wa ya ciji kunnen wa. A doka kowane ɓera lamba ce da shi, kuma an sha gaya wa ma'aikata kada su raɗa musu suna. Alton bai taɓa rubuta suna a jikin keji ba, don haka a ganinsa bai karya doka ba. Amma akwai Fasto, wanda ba ya taɓa abinci sai ya haɗa hannuwansa, akwai Gwaggo Pearl mai yawan gyaran sheƙa, kuma a kowane zubi ba a rasa wani ƙato mai ƙiba da zai haye kan abinci ya hana kowa. Wannan, ko wane ne, sunansa Sanata.

Ɓerayen ɗakin iri biyu ne, ko da yake a ido duk baƙaƙe ne masu sheƙi, uwa ɗaya uba ɗaya. Wasu lafiyayyu ne. Wasu kuwa an haife su ba su da wani sinadarin jiki guda ɗaya, irin wanda ake kira furotin, wanda kansa ne duk aikin ɗakin ya rataya. Sunan furotin ɗin haruffa ne kawai, kuma Alton ya ji bayaninsa sau ɗari a bakin masu bincike kafin ya samo yadda zai faɗa wa Nadine. Ya ce mata ta tuna da marigayi Elwood, wanda da safe yake raba wasiƙu gida-gida, da yamma kuma ya zauna yana ɗinke ragar masunta. To haka wannan abin yake. A cikin ƙwaƙwalwa yana taimaka wa ƙwayoyinta su isar wa juna saƙo. Sannan a cikin kowace ƙwayar jiki akwai wani dogon zare da ke ɗauke da duk abin da mutum ya gada, zaren nan kuwa yana tsinkewa, sai shi ya gane ya kira a zo a gyara. In babu shi, saƙo ya makara, zare ya yi ta tsinkewa ba mai kula. Yaran da aka haifa haka sukan fara tafiya suna tangaɗi, daga baya su koma kan keke, wasu kuma ciwon daji ya same su tun suna ƙanana.

Nadine ta ce ita abin da ta sani Elwood ya taɓa ajiye wasiƙarta wata uku a aljihun rigar sanyinsa. Alton ya ce ai misali ne.

Mai binciken da ke da ɓerayen, Dakta Renata Sobol, mace ce gajeriya mai furfura, ba ta ɗaga murya. A bangon ofishinta hotunan yara ne birjik, waɗanda iyayensu suka aiko mata. Ta samo wani magani da take zaton zai iya rage tangaɗin, kuma sai an gwada a ɓera kafin a yi maganar mutum. Matsalar ita ce ɓeran da ba shi da furotin ɗin ba ya tangaɗi kamar yaro. Sai an ɗora shi a kan wani siririn katako mai tsawon hannu biyu, ya taka zuwa wani ɗan akwati mai duhu a ɗaya ƙarshen, sannan za a ga ƙafarsa ta baya tana ɗan zamewa. Zamewar ma wani lokaci sai mai kallo ya yi shawara da zuciyarsa, wannan a ƙirga ko kada a ƙirga.

Saboda haka masu wannan aiki suna da wata ƙa'ida da suke riƙe da ita kamar addini. Wanda ke ƙirga zamewa ba zai san wane ɓera ne a gabansa ba. Kada ya san lafiyayye ne, ko mai cutar da aka ba magani, ko mai cutar da aka ba ruwan gishiri kawai. Domin ido yana son abin da zuciya ke so, in ka san wannan mara lafiya ne sai ka ga zamewar da ba a yi ba. Ana cire duk takardun keji a maƙala wasu lambobi, jerin gaskiyar kuma Dakta ta kulle a aljihun teburinta.

Mai ƙirgar ita ce Lavonne Pruitt, wadda ta shekara ashirin tana cin abincin rana a tebur ɗaya da Alton, tana tsokanarsa yana ramawa. Wata takwas aka hana ta leƙa Ɗaki na Shida, don kada ta san kowa. Mai ɗora ɓera a kan katako kuwa dole Alton ne. An gwada wani ma'aikaci, ya ɗago su ta wutsiya yadda aka koya masa, suka ƙame a kan katakon suna fitsari, rabinsu suka ƙi motsi.

Ranar gwajin farko komai ya tafi daidai har wajen ɓera na goma sha biyu. Nan Lavonne ta ajiye biro, ta tashi ta kira Dakta.

Abin da ya faru shi ne, canza lamba bai ɓatar da Alton ba ko kaɗan. Ya san kowa tun yana jajir ba gashi. In ya ɗauko lafiyayye sai ya ajiye shi ya ce, «To, ƙato, je ka.» In ya ɗauko mai cutar kuwa, sai ya sauke shi a hankali ya ce ƙasa-ƙasa, «Allah sarki.» Shi bai ma san yana yi ba.

«Ni ban gaya mata komai ba, Dakta,» in ji shi.

«Ka gaya wa bango ne, Kyaftin,» in ji Lavonne, «ni kuma ina jingine da bangon.»

Dakta Sobol ba ta yi faɗa ba. Ta zaunar da shi ta sake yi masa bayani tun daga tushe, ya yi ta gyaɗa kai, don ya gane sarai. Ba a iya maimaita gwajin da ɓerayen nan, domin sun riga sun koyi katakon, Lavonne kuma ta riga ta san su. Sai an haifi wasu, an raine su, an yi musu allura wata da watanni. Wata takwas ya tafi a banza saboda kalma biyu.

A zubi na biyu Alton ya shirya. Ya cika bakinsa da alewar na'ana'a a ƙarƙashin takunkumi, yadda ko ya so magana ba hali. Da yake Lavonne ta ce girarsa ma tana magana, sai ya jawo hula har ta rufe ta, ya sa baƙin tabarau na tuƙi. Ya shigo ɗakin gwaji kamar ɗan fashi. Lavonne ta kalle shi ta ce in kuɗi yake nema jakarta na waje.

Baki ya rufu, fuska ta rufu. Hannu ne aka manta da shi. In lafiyayye ne a kan katako, Alton yakan ja baya ya harɗe hannuwansa. In mai cutar ne, sai hannunsa na dama ya bi ƙarƙashin katakon a buɗe, taki bayan taki, ko da zai faɗo. Alhali akwai katifar soso a ƙasa. Lavonne ta lura tun a na biyar. Ta yi ƙoƙarin kada ta gani, ta kafa idonta a ƙafar ɓera, amma hannun nan mai shuɗiyar safa yana nan yana tafe a gefen idonta kamar jirgin ceto. Ta san abin da zai biyo baya in ta yi magana, kuma ta so ta yi shiru saboda zumunci. Ta daure har na goma sha tara. Sannan ta ajiye biro, don ita mace ce da ko canjin kanti aka ba ta da ƙari sai ta juya mota ta mayar.

Wannan karon Dakta ta kira shi ofis, ta rufe ƙofa. Ta ce masa ba ta taɓa ganin mai hannu irin nasa ba, kuma ba ta zarginsa da mugunta. Amma shekara ɗaya da wata huɗu sun tafi, kuma masu hotunan nan na bango ba su da shekarun da za su ba da aro. Za a yi zubi na uku. In ya sake lalacewa, za ta karɓi ɗakin ta ba wasu ma'aikata biyu da za su riƙa karɓa-karɓa, ɓeraye su saba da su tun daga haihuwa, su kuma kada su san kowa. Shugaban sashen dabbobi ya riga ya duba, gurbin da ya rage wa Alton guda ɗaya ne, a ɗakin wankin keji.

Saura masa shekara uku ya yi ritaya. Ya fito ya tsaya a bakin matakalar da ke sauka ƙasa, yana jin rugugin injin nan da kunnensa mai kyau.

An ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Alton ya koma gida ya kafa makaranta a kicin. Nadine ce ta kawo dabarar. Ya dafa ƙwai shida, ya bar shida ɗanye, shi kaɗai ya san wanne ne wanne, ya riƙa ɗora su ɗaya-ɗaya a kan katakon guga yana gangarar da su, ita kuma tana zaune tana canka. Ranar farko ta canki sha biyu cikin sha biyu. Bayan mako uku ta canki sha biyu cikin sha biyu. Ta ce in ɗanye ne yakan riƙe numfashi, kuma ɗan yatsansa ƙarami yana miƙewa. Ya ɗaure yatsan da salatif. Ta ce yanzu kafaɗarsa ce. Suka ci ƙwai a gidan nan har Nadine ta ce in ta sake ganin ƙwai za ta koma gidan ƙanwarta.

Ya gwada rufe ido. Wata safiya ya ɗaure fuskarsa da tawul a Ɗaki na Shida, ya sa wata ma'aikaciya ta riƙa ɗora masa ɓeraye a tafi. Na farko yana sauka ya ce wannan Gwaggo Pearl ce, ta rame. Na biyu ya ce Fasto. Ya san su da nauyi, da yadda faratansu ke kama safa, da yadda wutsiya ke naɗe yatsa. Ya cire tawul ɗin ransa a ɓace, ita kuma ma'aikaciyar ta tafi tana ba da labari kamar ta ga mai dabo.

Yayansa Harlan, wanda har yanzu yake fita ruwa, ya ba shi shawara a wajen cin wainar ƙaguwa na coci. Ya ce matsalarsa taushin zuciya ce tun yana yaro. Shi da yake jefa ƙaguwa dubu a kwando kullum, ya taɓa tambayar wata lafiyarta? Ya ɗauke su duka kamar ƙaguwa, ya dire, ya juya baya.

«Yaya, ƙaguwa ba ta hawa hannunka ta zauna.»

«Tana hawa mana. Ga shaida,» in ji Harlan, ya nuna masa babban yatsansa da ba farce.

Duk da haka Alton ya gwada. Kwana huɗu yana shiga ɗaki ba gaisuwa, yana dire kowa da sauri fuska a ɗaure. Ɓerayen suka daina hawa hannunsa. Wata uwa ta kwashe 'ya'yanta ta kai lungun keji ta zauna a kansu tana hararsa. Shi kuma abinci ya ƙi shiga. A rana ta biyar ya shigo ya ba su haƙuri, keji-keji.

Lavonne ba ta da izinin jin komai game da ɗakin, amma a teburin abinci tana ganin yadda wandonsa ke neman faɗuwa. Ta ce masa ita ma za ta yi ƙoƙari kada ta kalle shi, ko da za ta sa wa idonta shinge irin na dokin amalanke. Ya ce ai da ma laifin nata ne, wa ya aike ta kallon tsoho. Ta ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa tasa zuciyar har a gwiwar hannu take ba da labari. Suka yi dariya, amma ba wanda ya cinye abincinsa.

Ana gobe gwaji, Dakta ta zo da safe ta canza takardun keji da kanta. Da za ta fita ta miƙa masa wata farar takarda ta ce shugaban sashe ba ya nan, ya sa mata hannu a madadinsa. Alton ya san takardar. Ita ce ake mannawa a bayan ƙofa a ƙarshen kowane zubi, mai ɗauke da ranar da za a zo a kwashi ɓerayen, a sa su barcin da ba tashi, a duba ƙwaƙwalwarsu. Shekara ashirin da uku yana wuce ta kansa a sunkuye. Ranar kwasar kuma kullum hutu yake ɗauka, ya dawo ya tarar da keji a wanke. Ya san abin da ake yi, ba yaro ba ne. Karantawa ce dai bai taɓa yi ba.

Yau da yake sai ya sa hannu, ya karanta. Ranar tara ga wata mai zuwa. Lambobi arba'in da biyu, a jere, ba a tsallake ko ɗaya ba. Ya bi su da yatsa, ya ga har da ta Sanata.

Ya tambayi Dakta ko kuskure ne, wannan ai lafiyarsa ƙalau. Ta ce ai shi ya sa. In ba a ga ƙwaƙwalwar lafiyayye ba, da me za a gwada ta mara lafiya? Ta karɓi takardarta ta fita.

Alton ya je ya tsaya gaban kejin. Sanata na wannan zubin ya fi duk na baya iskanci. Yana kwance a kan abinci, tumbi a baje, ya kori ƙaninsa daga sheƙa ya kuma tattare duk audugar ya danne. Wata takwas Alton yana jin haushinsa, shi da sauran lafiyayyun, yadda mutum ke jin haushin maƙwabcin da bai taɓa ciwon kai ba. A ransa ya raba ɗakin biyu, waɗanda duniya ta cuta da waɗanda ta bari. Ya buɗe kejin ya shimfiɗa hannu. Sanata ya yi miƙa, ya hau da ƙyar, ya zauna yana wanke fuska, bai san yau ba balle tara ga wata.

«Ashe kai ma,» in ji Alton. Ya daɗe a tsaye da shi a hannu.

Washegari ya zo ba alewa, ba tabarau, hularsa a inda take zama. Ya tari Dakta a ƙofar ɗakin gwaji ya roƙe ta ta bar shi ya yi magana yayin aiki. Ta dube shi kamar wanda ya zo neman a kore shi.

«Dakta, na gwada ɓoyewa wata takwas, ba na iyawa. Ki bar ni in yi abin da na iya.»

Ta ce ɗakinsa ne, shi ya san abin da zai yi da shi. Amma in Lavonne ta ajiye biro, magana ta ƙare.

Ya ɗauko na farko, ya sauke shi a hankali a bakin katako. «Allah sarki,» in ji shi, hannunsa ya bi ƙarƙashi har akwati. Lavonne ta rubuta abin da ta ƙirga, tana tunanin yadda za ta iya cin abincin rana ita kaɗai shekara uku.

Ya ɗauko na biyu, wani ƙato mai sheƙi da ya cika tafin hannu. Ya sauke shi kamar ƙwai ɗanye. «Allah sarki, bawan Allah.» Hannu ya bi ƙarƙashi, taki bayan taki. Ƙaton ya tsallake katakon kamar an harba shi, hannun yana binsa a guje.

Na uku haka, na huɗu haka. Lavonne ta saci kallon girarsa, ta ga a karye take iri ɗaya ga kowa. Ta saurari muryar ko za ta ji inda aka yi ƙari, don ta san muryar Alton in yana wasa, kuma ta san bai iya ba. Ba ta ji ba. Ta duba kafaɗa, ta duba ɗan yatsa. Wajen na goma sha biyar ta gaji da bincikensa, ta koma kallon ƙafar ɓera, wanda dama shi ne aikinta. Gwajin da aka yanka wa awa biyu ya ci uku da rabi, don kowane ɓera sai an yi masa jaje kafin ya tashi, a kuma yi masa sannu in ya isa.

Da aka gama, Dakta ba ta yarda haka kawai ba. Ta ba Lavonne takarda ta ce ta rubuta, a zatonta, wanne ne lafiyayye wanne ne ba shi ba. Lavonne ta zauna ta yi ta cizon biro. Dakta ta buɗe aljihun tebur ta gwada da jerinta. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce wanda ya jefa kwabo sama ma zai yi abin da Lavonne ta yi. Lavonne ba ta taɓa jin daɗin faɗuwa jarrabawa irin na ranar ba.

«Kai, Kyaftin,» ta ce masa a teburin abinci, «sai da ka tsufa ka koyi ƙarya.»

«Ba ƙarya na yi ba.»

Ta dube shi, sannan ta tura masa rabin wainarta.

Sakamakon bai zo yadda ake fata ba. Maganin ya rage zamewar, amma kaɗan, ba abin da za a buga wa iyayen yara waya a kai ba. Dakta ta ce kaɗan ɗin da ta tabbata da shi ya fi mata mai yawan da take shakka, kuma yanzu ta san inda za ta sa ƙafa. Ta ce a fara haɗa iyayen zubi na huɗu. Ba ta ce komai game da ɗakin ba, shi ma bai tambaya ba. Ranar Litinin ya zo ya ga sunansa na nan a ƙofar.

Ranar tara ga wata bai ɗauki hutu ba. Shi ya jera kejin a kan amalanke, ya lulluɓe su da zane don kada hasken baranda ya firgita su, ya tura har ƙofar da ba ya wucewa. Ya miƙa, ya dawo ya share ɗakin.

Abin da ba wanda ya yi tsammani shi ne, halin ya ƙi tsayawa a wurin aiki. Da ya gane lafiyayye ma abin tausayi ne, sai ya rasa inda zai tsaya. Mai sayar da mai ya miƙo masa rasit, Alton ya ce masa Allah sarki. Ɗan sanda ya tsayar da shi kan fitilar baya, Alton ya dube shi da irin idon nan har mutumin ya tambaye shi ko sun taɓa haɗuwa. Nadine ta ce tun tana jin kunya har ta saba. A bikin 'yar Harlan, da aka jeru ana gaisawa da ango, wani jibgegen saurayi mai jirgi biyu da haƙora fari tas, Alton ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya tallafi gwiwar hannun a hankali, ya dube shi ya ce, «Allah sarki.»

Angon bai ci abinci ba a wajen walimar. Ya yi ta bin dangin amarya ɗaya-ɗaya yana tambaya a asirce, wai me Baffa Alton ya sani game da yarinyar nan da shi ba a gaya masa ba.